Sarkin Noma da 'Yar Shuni

An ce a Gangaren Kuka ba a shuka gero sai Sarkin Noma ya ga 'Yar Shuni da idonsa. Wata mitsitsiyar tauraruwa ce, fara mai sirkin shuɗi, tana fitowa gabas kafin asuba. Shekarar da aka naɗa Barmo Sarkin Noma, ruwa ya sauka sau uku bai gan ta ba. Sai bawan Allahn nan ya sa ana hura masa wuta a ƙofar gida, wai don ya gani da kyau! Ƙasa na shanye laima, iri na kwance a rumbu.

Shamuwar da ta yi sheƙa a kukar gidansa ta gaji da shan hayaƙi. Ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ishe ni. Sai ka ce Nomau mafarauci."

Barmo ya ce, "Me ya sami Nomau?"

Ta ce, "Ɓata ya yi a daji, ƙishirwa na neman kashe shi. Ya san in ya bi wannan tauraruwa zai kai rafi, sai ya ɗaga bakin wuta yana ta zare ido. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta iske shi ta ce, 'Kai ɗan nan, sama za ka ƙona? Halinku ɗaya da marigayi maigidana.'

"Ya ce, 'Shi kuma yaya ya yi, Iya?'

"Ta ce, 'Shekara bakwai yana ƙura mata ido, ita kuwa da an kalle ta kai tsaye sai ta ɓace. Har rantsuwa ya yi ƙarya ake. Ran nan na yi masa magana, ya juyo zai yi mini faɗa, sai ga ta a gefen idonsa. Na ce, Malam, da kana juyowa in ana maka magana, ai da tuni ka huta.'

"Nomau ya kashe wutar, ya kau da ido kaɗan, ya gan ta, ya sha ruwa. To, shi ransa kaɗai ya so jefawa a halaka. Kai abincin gari guda ne a wuyanka."

Barmo ya sa aka kashe wutar. Da idonsa ya saba da duhu, ya karkata kai. Ga ta nan, har ta yi nisa sama.

Ya ce, "Kwananta nawa da fitowa?"

Shamuwa ta ce, "Goma sha biyu."

Kunya ta rufe shi. Ya ce, "A buga ganga, kowa ya fita da iri. Wanda shukarsa ta ƙi bana, ya zo ya ɗiba a rumbuna."