Haladu da Kwalaben Abincin Jarirai

An yi wani mutum, shekaru da dama da suka wuce, a wani gari na ƙasar Turawa inda sanyi ke ratsa ƙashi. Sunansa Haladu. Labarin nasa ne, amma ta bakin ƙofar mai ƙinsa zan shigar da ku, don shi ya fi kama da mu. Ku saurara.

Haladu bawan Allah ne, aikinsa jera kaya a wani babban kanti. Matarsa ta rasu a can, ta bar masa 'ya 'yar wata biyar, Hansai, shi ya raine ta da ƙaramin cokali. A garin nan ba gero, ba tsamiya, ba maƙwabciyar da za ta damo maka koko. Abincin yaro a kwalba yake, a rufe, da hoton jariri yana dariya. Dariyar nan iri ɗaya ce, ko da naman alade a ciki. Sai Haladu ya zauna da ƙamus, ya koyi ƙananan rubutun bayan kwalba, har ya san wadda ta halatta da wadda ke ɓata cikin yaro. Shi ke nan, duk Bahaushiyar da ɗanta ya isa cin abinci, sai ka ji an ce, "A tambayi Baban Hansai." Shi kuma in kayan da suka dace sun zo, yakan ware wa matan nan 'yan kwalabe a gefe kafin su ƙare.

To, akwai Dakta Nafi'u, shugaban ƙungiyar Hausawan garin. Digiri uku gare shi, yana koyarwa a jami'a da yaren masu ƙasar. Wannan "a tambayi Baban Hansai" ita ta hana shi sakat. Shi ba a nemansa sai za a cike takarda. A walima yana kan kujerar gaba shi kaɗai, Haladu na wajen wanke tukwane, jama'a sun kewaye shi.

Da Walid ɗan Nafi'u ya kai wata bakwai, matarsa Ladidi ta ce, "Dakta, garin kunun da Inna ta aiko an ƙwace a filin jirgi. Ko in kira Baban Hansai?"

Ya ce, "Mai jera gwangwani ne zai karanta mini rubutu? Ni?"

Ya tafi ya zaɓo kwalba mafi tsada. Yaro ya yi amai, jikinsa ya feso da ƙuraje. Likita ya ce jininsa bai karɓi madarar shanu ba, sai dai wani iri mai koren murfi. Ladidi ta ce a hankali, "Ai Baban Hansai ya taɓa faɗa wa Maman Sadiya haka."

A daidai nan mai hankali zai ji kunya. Nafi'u haushi ya ji. Ya zauna ya rubuta wa kantin takarda, ba suna, cewa wani ma'aikacinsu yana ɓoye kaya don 'yan ƙasarsu. Cikin mako guda aka sallami Haladu.

Ku saurara fa. Ba a yi wata ba dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, kwana shida motocin kaya ba su shigo ba. Koren murfi ya ɓace. Nafi'u ya bi kanti biyar, yana tambaya da yarensa mai kyau, ana ba shi haƙuri da yare mai kyau. Nonon Ladidi ya riga ya janye. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Ladidi ta ce, "Ɗauko digirin ka dama masa."

Rana ta uku da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Haladu ne, kwali a ka, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Ya san wani ɗan kanti bayan tashar jirgin ƙasa inda ake fara sauke kaya, ya taka can da ƙafa, awa uku.

Ya ce, "Dakta, ga na Walid. Cokali uku da farko, kada a cika masa, cikinsa ya daɗe a wofi."

Nafi'u ya tsaya riƙe da ƙofa. Ya ce, "Ka san ni na rubuta takardar nan?"

"Na sani, Dakta. Manaja ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya iya yarensu haka ba. To wa muke da shi in ba kai ba?"

"Kuma ka kawo?"

"Ai Walid bai rubuta komai ba. A ɗan ɗumama kwalbar cikin ruwan zafi." Ya juya ya tafi.

Kuna jira in ce Nafi'u ya faɗi yana kuka. Bai faɗi ba. Ya tsaya yana kallon ɗansa na haɗiya, Ladidi na cewa, "Allah Ya saka wa Baban Hansai da Aljanna." Abin da ya zo masa a zuciya shi ne, ko wannan addu'ar ma an riga shi.

Jama'a, hassada ke nan. Ta yarda ɗanka ya kwana da yunwa, ba ta yarda ka ce wa na ƙasa da kai "koya mini" ba. Alheri kuwa ba ya tambayar abin da uban yaro ya aikata kafin ya buɗe kwalba. Kowannenku yanzu yana ɗaukar kansa Haladu, na ga fuskokinku. To ku duba sosai. Akwai wani a unguwarku, ko a wurin aikinku, wanda in aka yabe shi kuke jin kamar an soke ku da allura, alhali bai ci muku komai ba. In kun tuna sunansa, kun san kujerar da kuke kai a labarin nan. Ku je ku gaishe shi tun ƙanƙararku ba ta sauka ba. Allah Ya raba mu da ciwon da mai shi ba ya neman magani.