Manomin Katun da Ya Cika Sauri

Akwai wani matashi a Kankiya mai suna Rufa'i, gwanin haɗa bidiyo, amma ba ya son a koya masa komai.

Ƙungiyar manoman Sukuntuni ta ba shi aikin katun da zai nuna irin tafiyar da ake yi in ana feshin wake. Rahma, wata mai zane a Kusada, ita ta zana manomin katun ɗin, ta turo hotunan da saƙo: "Malam Rufa'i, hoto 24 ne a kowane sakan. In za ka haɗa, ka bar shi a haka."

Rufa'i ya yi tsaki. Shi da yake aiki da 30 tun tana firamare? Ya haɗa a 30, ya fitar, aka raba wa manoma a waya.

Bayan sati biyu sai ga kawunsa Ɗanmaliki a shago.

"Rufa'i, mi ke faruwa? Na bi sawun ɗan katun ɗin nan taku-taku, na gama gona, magani bai ƙare ba. Ga tsutsa na cin furen wake!"

Kai ya ɗaure. Wasu suka ce bakin famfon feshi ne ya toshe, aka wanke, bai canza ba. Wasu suka ce maganin jabu ne. Rufa'i ya kalli bidiyon sau goma, bai ga komai ba, har ya fara zargin ƙafar kawun nasa.

Da ƙyar ya haɗiye girman kai ya kira Rahma. Ba ta yi masa gori ba. Ta ce, "Ƙirga min takun manomin katun na minti ɗaya."

"Saba'in da biyar."

"Nawa sittin yake yi."

Nan Rufa'i ya gane. Hotunan ba su canza ba, shi ne ya kora su da sauri. Manomin katun ya ƙara sauri, manoman gaske suka bi shi, magani bai ishi wake ba.

Ya mayar da bidiyon 24, ya hau babur ya bi gona-gona yana ba da haƙuri. Kawu ya saurara, ya nuna masa kunyoyin wake uku da tsutsa ta gama da su.

"Waɗannan kuma a nawa za ka mayar da su?"

Darasi: In wanda ya fara aiki ya ba ka ma'auninsa, kada girman kai ya sa ka canza ba ka tambaya ba, don wani ne zai kwashi asarar. Ku tura wa duk mai haɗa aikinsa da na wani.