Ruwan Gogen Daɓe Da Aisa Ta Haɗa Wa Hajja Sabuwa

Akwai wata mata mai suna Aisa, 'yar Bama, wadda rikicin Boko Haram ya koro zuwa Jimeta da 'ya'yanta biyu, ba su da komai sai kayan jikinsu. Aikin farko da ta samu shi ne shara da goge-goge a gidan wata Hajja Sabuwa da ke unguwar Karewa.

Hajja tana da mofa, wato sandar goge daɓe, mai feshi, irin wadda ake zuba ruwan goge daɓe a 'yar gorarta. Ruwan na kanti ne, mai tsada. Wata rana ya ƙare, sai Aisa ta haɗa nata da ruwan ɗumi, ɗan ruwan khal, ɗigon sabulun ruwa da ɓawon lemun tsami. Ta goge tayil ɗin kicin ya yi fes. Ta ɗauka za a yaba mata.

Hajja ta sunsuna gorar a gaban baƙinta, ta ce, "Kin sayar da nawa, kin zuba mini ruwan banza ko?"

"Wallahi Hajja ƙarewa ya yi."

"Ku 'yan gudun hijira haka kuke. Wa ma ya san abin da kuka baro a can? Fita mini daga gida."

Abin da Aisa ta baro a can gawar mijinta ce, ko binne shi ba ta samu yi ba. Ta fita, amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

Shekaru suka ja. Aisa ta mayar da haɗin nan sana'a, tana ɗurawa a jarkoki tana sayarwa a kasuwar Jimeta. Da kaya suka yi tsada, matan gari suka bar na kanti suka koma wurinta. Kowa ta saya sai ta gargaɗe ta: kada a haɗa shi da bilic, kuma kada a zuba shi a kan daɓen dutsen mabul, domin khal yana cinye ƙyallinsa. Allah ya rufa mata asiri, amma duk ranar da keke ya bi da ita ta Karewa sai ta ce a ranta, "Akwai rana."

Ranar ta zo. Wata budurwa mai suna Munirat, 'yar Hajja, ta tsaya a rumfarta.

"Adda, Dadata ce ta aiko ni, Hajja Sabuwa ta Karewa. Za mu yi walima, tana so gidan ya yi ƙyalli."

Aisa ta ɗago kai. "Falon nan har yanzu mabul ne?"

"E. Kin san gidan ne?"

"Na taɓa wucewa."

Ta shiga ciki, ta cika jarka da khal kusan zallansa, ta miƙa mata tana murmushi. "A fesa da yawa, a bar shi ya jiƙa kafin a goge."

Bayan walima labari ya zaga. Falon da Hajja take alfahari da shi ya dusashe, ya yi dabbare-dabbare, baƙi suna kallo suna ƙus-ƙus. Aisa ta yi dariya har da hawaye. A ranar har kaza ta yanka wa yaranta.

Tana cikin wannan murna wata mai sayen kayanta ta ce, "Ni 'yar aikin nake tausaya wa. Edith, wata gwauruwa 'yar Michika. Hajja ta ce da gangan ta yi, ta kore ta, har ta sa 'yan sanda sun tsare ta. Yaranta suna hannun maƙwabta."

 Duk tsawon shirinta Aisa ba ta taɓa tunanin wanda zai riƙe mofar ba.

Ta tafi Karewa, ta tsaya a gaban Hajja. "A saki Edith. Ni na haɗa ruwan, kuma da niyya na yi. Ni ce Aisa da kika kora."

Hajja ta ƙare mata kallo sama da ƙasa, ta ce, "Wace Aisa?"

Ba raini ba ne. Da gaske ba ta tuna ta ba.

An saki Edith, amma aikinta bai dawo ba. Hajja ta kira ma'aikata suka gyara falonta. Ita kuwa Aisa, da magana ta bazu a kasuwa, matan da suka amince da hannunta suka riƙa wuce rumfarta ba ko sallama.

Darasi: Kibiyar ramuwa ba ta da ido, sau da yawa marar laifi take samu, ta dawo ta soki mai ita. Wanda ya zalunce ka yana iya mantawa da kai, kai kuma ka ƙone rayuwarka a kansa. Ka bar wa Allah, shi ne ba ya mantuwa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai riƙe da wani a zuciya yau.