Ƙofar Akurkin Inna Hafsatu

Akwai wani matashi a Gusau, Tajuddeen, mai haɗa wa mutane wutar sola. Ya iya aikinsa, wannan ba musu. Matsalarsa ɗaya ce: in ya ce ya sani, to ka yi shiru kawai, don bakinka za ka ɓata.

Mahaifiyarsa, Inna Hafsatu, tana ƙauyen Kekun Waje da kajinta. Cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara kama ɗayan. Likita ya sa ranar yi mata aiki a Gusau, ya kuma gargaɗe su kada a sake ɗagawa. Amma Inna ta kafe.

"In tafi Gusau kwana bakwai, wa zai rufe mini akurki?" ta ce. "Bara da na je biki Tsafe, Jamila ta manta, muzuru ya kashe mini biyar."

Jamila maƙwabciyarta ce. Za ta iya zuba tsaba da ruwa da rana, amma da almuru hidimar gidanta kan sha mata kai.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Inna," in ji Tajuddeen. "Akwai ƙofa mai rufe kanta."

Ya tafi shagon wani abokin sana'arsa, Elisha. Elisha ya nuna masa iri biyu: mai bin agogo, da mai bin hasken gari. Ya tambaye shi, "Kajin nata yaushe suke shiga?"

"Kaji ai kaji ne. Ba ni mai agogo."

Ya je ya ɗaura ta a akurki, ya saita ƙarfe shida, ya koma gefe yana murmushi. Inna ta shafa ƙofar da hannu.

"Auta, mi kaji sunka sani da ƙarfe shida? Akwai jar kazar da na sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. 'Ya'yan zabi yawo gare su, sai an kira magariba take samu ta tattaro su."

"Haba Inna! Wannan fa na'ura ce. Ki bar wa masu ilimin abin."

Maganar ta soke ta. Don ya nuna mata, ya lallaɓa ta suka kwana Bungudu gidan yayarsa, a matsayin gwaji.

Da safe suka dawo. Ƙofa ta yi aikinta tsaf: ta rufe ƙarfe shida, ta bar jar kaza a waje. Suka same ta a gefen akurki, fiffike ɗaya a yage, gashi ko'ina. Cikin 'ya'yan zabi goma sha biyu, tara suka rage.

Inna ta durƙusa tana lalubensu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka gaya wa likita na gode. Ba ni zuwa."

Wallahi nan Tajuddeen ya gane ɓarnar da ya yi. Saura kwana biyar ranar aiki, kuma shi da kansa ya rufe hanyar. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Da yamma ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa kusa da ita.

"Inna, na yi kuskure. Ki koya mini kajin nan."

Ta ce, "To zauna, ka ajiye wayar nan."

Kwana biyu yana zama yana kallo. Ya ga zakara ke fara shiga. Ya ga ran da hadari ya haɗu tun biyar da rabi sun taru a bakin akurki. Ya ga jar kaza kullum ita ce ta ƙarshe, tana ɗingishi, 'yan zabinta na biye a baya. Duk abin da Inna ta faɗa, haka yake.

Rana ta uku ya ɗauke ta har shagon Elisha, ya ce, "Ga mai kajin. Ita za ta zaɓa."

Elisha ya kunna mai bin haske, ya nuna yadda za a sa ta ƙara jira bayan duhu ya fara. Ƙofar na saukowa, sai Inna ta cusa hannunta a ƙasa.

"Subhanallahi, Inna!"

Ƙofar ta taɓa yatsunta, ta tsaya, ta koma sama.

"Wannan tana da hankali," in ji Inna. "Ba ta danne mini ɗan tsako. Ita nike so."

Elisha ya yi dariya ya ce shi kansa bai taɓa gwada ta haka ba.

Suka gwada ta yamma biyu, Inna na zaune tana saurare. Sai da jar kaza ta shige da 'ya'yanta ƙofar ta sauka. Washegari Inna ta ɗaure kayanta da kanta.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Bayan mako guda suka iso gida ana shirin kiran magariba. Ko ɗaki ba ta shiga ba, ta wuce bayan gida ta tsaya. Ga jar kaza nan tafe, tara na biye da ita, babu wanda ya ɓace.

Inna ta daɗe tana kallo, hawaye na zubo mata.

"Auta," ta ce, "ashe haka suke da kyau? Ni da hannu kawai na san su."

Tajuddeen ya matso. Ya tsaya kusa da ita har ƙofar ta sauka a hankali.

Darasi: Komai iliminka, kada ka raina wanda ya daɗe yana aikin da hannunsa, balle iyayenka. Na'ura tana da amfani, amma sai ka fara tambayar mai abin. In kuma ka yi kuskure, ka sauke kai ka gyara tun lokaci bai ƙure ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ganin sun fi iyayensu sani.