Idon Sawun Malam Jibo Tela

Jama'a, ku matso ku ji. An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, wani bawan Allah sunansa Malam Jibo, tela ne. Shekara talatin yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, har idon sawunsa ya gaji ya ce shi kam ya yi iya yinsa. Da safe ƙafar ta sandare, da rana ta kumbura, in ya taka keke kuwa har ƙwalla yake yi.

To, kun san halinmu. Mutum ya kwanta ciwo, sai unguwa duk ta koma likitoci. Wannan ya kawo man kaɗanya, wancan ya ce a yi ƙaho, wata tsohuwa ta rantse kitsen damo ne ya tayar da mijinta, alhali mijin ya rasu tun bara waccan. Shi kuwa Malam Jibo bai iya ce wa mutum a'a ba. Kowa ya kawo ya karɓa, ya gode, ya shafa. Har matarsa Hurera ta ce ƙafar nan ta fi miyar gidan shan mai.

Ita ce ta tasa shi gaba zuwa asibitin ƙashi. Likita ya duba hoto, ya ce guringuntsin gaɓar ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ƙwayoyi da allura da takalmi na musamman suna lallaɓa ciwo, amma nasa ya wuce lallaɓawa, sai tiyata, ita ma iri biyu ce. Ko a haɗe ƙashin da ƙusoshi, ciwo ya tafi amma idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, ko a sa masa gaɓar ƙarfe mai motsi. Ta farko, in an sayar da tumakin Hurera, dangi suka taimaka, za a iya. Ta biyu kuwa, da likita ya faɗi kuɗinta, Malam Jibo ya tambaya cikin ladabi ko har da ginin asibitin ake haɗa wa mutum.

Ku saurara, nan gwajin yake. Ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ba ta taka keke, ta hagun ma likita ya ce ta kama hanya, a bar ta ta huta. Keken nan kuwa shi ne tuwon gidan Malam Jibo.

Ana haka sai ga Alhaji Sambo Mai-kwalba, mai sayar da wani man shafawa a kasuwa da lasifika, wanda ya ce yana maganin ciwo saba'in. Ya ce shi zai biya kuɗin gaɓar ƙarfe duka. Sharaɗi ɗaya ne: in an warke, Malam Jibo ya hau bayan motarsa ranar kasuwa, ya yi tsalle uku, ya shaida wa jama'a man Alhaji ne ya warkar da shi.

Wallahi ran Malam Jibo ya so. Ya dubi keken, ya dubi ƙafar, ya ji kamar ya yi kuka. Mutumin da bai taɓa ce wa kowa a'a ba, ranar ya buɗe baki.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma man nan naka kwalba huɗu na shafa, ban ga abin da ya ƙaru ba sai tururuwa da suka riƙa bina har shimfiɗa. In na yi tsallen nan, wata tsohuwa za ta sayar da akuyarta ta saya, ta ƙi zuwa asibiti. Ranar gobe ƙiyama ni za a tambaya."

Alhaji ya kaɗe riga ya fita ko sallama babu.

Aka sayar da tumaki, aka haɗe ƙashin. Ciwo ya tafi, keke ma ya tafi. Malam Jibo ya koma zaure da allura da zare yana ɗinkin hula. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai yi arziki ba, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Bayan shekara biyu, wata rana da la'asar, sai ga mutum yana ɗingishi, ya rufe fuska da rawani, yana ƙamshin man da Malam Jibo ya sani sarai. Alhaji Sambo ne. Ya waiga dama da hagu, ya rage murya, ya ce, "Malam, don Allah, likitan nan naka, wace rana yake zama?"

Malam Jibo ya gaya masa, ya ara masa sandarsa, bai yi dariya ba, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba. Za ku ce to mu ina muka ji? Hurera na bayan labule.

Jama'a, bawan Allahn nan ya yarda ya rasa sana'arsa don kada ya yi shaidar zur a kan lafiyar mutane. Mu fa? Mu da ko sisi ba a ba mu ba muke rantsuwa a kan maganin da ba mu taɓa sha ba. Daga yau, in ka je duba mara lafiya, ka yi masa addu'a, ka taimaka masa da kuɗin asibiti in kana da hali, ka bar kitsen damonka a gida. Allah ya ba mu lafiya, ya tsare harsunanmu.