Ƙirjin Gwankin Korau

Ku matso kusa, yau da shari'a na zo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A wani ƙauye a gindin dutse an yi wani maharbi wai shi Korau. Mutumin kirki ne, sai dai cika baki da taurin kai. Shekara uku a jere yana fita farautar bazara yana dawowa hannu rabbana, in ka cire wani zomo da ake zargin karensa ne ya kama. A al'adar maharban garin kuwa, wanda ya yi shekara huɗu babu babban nama, sai a karɓe ƙahon busa na gidansu a kai wani gida. Ƙahon nan tun na kakansa ne. Abin na cin Korau a rai ƙwarai, ko da yake a dandali ba ka ganewa.

Ana gobe fita, tun da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje kaya: bindigar toka, albarushi a ƙullin tsumma, mashi, wuƙa, goran ruwa, burgamin fata na zuba tarkace, da kan burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe, nama ya ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗaure. Sannan ya ce, "Duk wanda ya taɓa mini kayan nan, ni da shi ne." Ya sa hula ya tafi dandali ba da labarin gwankin da bai kashe ba tukuna.

Matarsa Kuluwa tana shara sai ta ga tururuwa na kwasar ƙwai suna hawa bango, alamar ruwa na tafe. Ta dubi gabas, ta dubi ƙullin tsumman nan, ta girgiza kai. Ta kwance kaya, ta juye albarushin cikin wani ɗan ƙahon saniya, ta liƙe bakin da kakin zuma, ta naɗe shi da tsumman, ta mayar.

Da azahar yayansa Nomau ya shigo neman aron fartanya. Shi ma tsohon maharbi ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Hannun maharbi kuwa ba ya ganin kaya ya ƙyale. Ya zaro burtun, ya ja igiyar kaɗan, sai ga ta ta rabu biyu, ashe ɓera ya daɗe yana kalaci da ita. Ya zauna ya yanko sabuwar fata ya ɗinke, ya shafe bakin burtun da baƙin tukunya don kada ya yi ƙyalli a rana. Har ya koma gida bai tuna da fartanyar ba.

Bayan la'asar sai ga abokinsa Jatau maƙeri, ya zo tsokana bai tarar da shi ba. Ya ɗaga mashin yana kwaikwayon tafiyar Korau, sai ya ji kan yana rawa. Dariya ta tsaya. Ya kai shi maƙera ya buga masa ƙusa biyu, ya dawo da shi ya jingine.

Korau ya dawo ya zagaya kayansa ya ce, "Yauwa, haka nake son gida, in an yi magana a ji."

Washegari suna shiga daji ruwan farko ya tsuge. Albarushin kowa ya koma kunu. Korau ya kwance tsummansa yana salati, sai ga ƙaho a liƙe, ciki a bushe ƙarau. Maimakon ya yi mamaki, sai ya yaba wa kansa da hangen nesa, wai shi ya yi ya manta.

Da rana ta buɗe ya hango gwanki a fili, babu ko kututturen da za a laɓe. Ya ɗaura burtu ya yi ta rarrafe cikin ƙaya, tana fizgar igiyar, igiya ta riƙe. Gwanki ya ɗago ya dubi tsuntsu ya ci gaba da kiwo. Korau ya ɗana ya saki wuta.

Harbin bai kwantar da shi ba. Gwanki ya sunkuyar da ƙaho ya yo kansa, bindigar toka kuwa ba a ɗura ta a guje. Korau ya kafa gindin mashi a ƙasa ya runtse ido yana kiran sunan uwarsa. Gwanki ya hau mashi da dukan nauyinsa, kan mashi bai goce ba. Ƙahon gidansu ya tsira, shi ma ya tsira.

Aka shigo gari da kiɗa da guɗa. To, al'adarsu ita ce ƙirjin naman na wanda ya shirya wa maharbi kaya ne, kuma ba a raba shi, ɗungum ake miƙa wa mutum ɗaya. Korau ya rungume ƙirji ya ce ai shi ya shirya kayansa.

Kuluwa ta ce, "Maigida, a ina ka samo kakin zuma?"

Nomau ya ce, "Kai Korau, juyo igiyar burtun nan mu ga ɗinkin wane ne."

Jatau ya ce, "Ni ba na faɗa da kowa. A ƙirga ƙusoshin mashi kawai."

Dandali ya kwashe da dariya. Korau ya ajiye ƙirji a kan ganye a hankali, kunya ta rufe shi, har da ɗan hawayen godiya da ya ce wai hayaƙi ne.

Ba don Kuluwa ba, da bindiga ba ta tashi ba. Ba don Nomau ba, da ko kusa da gwankin bai je ba. Ba don Jatau ba, da Korau ne aka ɗauko a kafaɗa. Ga wuta ta kama, ga nama a kan ganye, ba a yarda a sa masa wuƙa ba. To, ku faɗa mini, a hannun wa Korau zai ɗora ƙirjin nan?