Barira da Tarwaɗun Cikin Randa

Akwai wata mata a Madarounfa, sunanta Barira, matar wani masunci da ake kira Ɗan Baba. A shekarun nan na fari, wajen 1973, ruwa ya ja baya har kududdufin bayan gidansu ya koma taɓo.

Kafin Ɗan Baba ya tafi cirani Katsina, sai da ya shiga taɓon ya tsinto 'yan tarwaɗu ƙanana, kowanne bai fi yatsa ba. Ya zuba su cikin wata tsohuwar randa da ke binne ƙarƙashin rumfa.

Ya ce mata, "Waɗannan iri ne. In ruwa ya dawo, da su za mu tada kududdufin nan. Ki riƙe mini su."

Barira ba mai magana ba ce. Kai kawai ta ɗaga.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai soso da take goge gansakukar cikin randar, sabulu bai taɓa taɓa shi ba. Akwai tsohuwar rariya ta kwashe ganye da ragowar dusa. Sai guntun tiyo da wani direban kamiyo, wato babbar mota, ya yar, da shi take zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasa. Ruwan da ta rage ta ba awaki, ta cike randar da rabonta na wanka, ita kuma ta goge jiki da tsumma.

Matan gidan har suna suka sa mata, wai Uwar Kifi.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne Alhassan, wan mijinta, mai faɗa a ji a gidan. Barira ko sunansa ba ta faɗi, in ya shigo ta kan durƙusa har ya wuce.

Wata rana da hantsi ya yi baƙi daga garin Ɗan Issa, ga tuwo babu abin sa wa miya. Ya shigo da ƙwarya a hannu.

"Ke, kwaso kifayen nan a soya. Mutane na bin layin rijiya, ke kina yi wa kifi wanka!"

Barira ta durƙusa. "Yaya, ajiya ce."

"Ajiyar wa? Ba ƙanena ba ne? Shi da randar duk a hannuna suke."

Ya nufi rumfa. Sai ga Barira ta miƙe ta riga shi. Ta kife babban akushi a bakin randar, ta hau ta zauna, ta gyara zanenta.

"Yaya, sai dai ka ɗaga ni."

Kowa ya san wan miji ba ya kai hannu jikin matar ƙanensa. Alhassan ya tsaya da ƙwarya, ya rasa inda zai sa ta.

Ya juya wajen tsohuwarsu Dije, wadda ke tsinkar rama a bakin ɗaki. "Inna, kina ganin rashin kunyar yarinyar nan?"

Dije ta ce, "Ina gani. Baƙinka na Ɗan Issa ba su san ana fari ba ne? Ka kai musu miyar kuka, ba ta kashe kowa ba."

Ta tashi da ƙyar, ta ɗauko 'yar butarta, ta zo gaban Barira.

"Sauka, 'yar nan, kada ki fasa mana randa. Buɗe in ƙara musu ruwa."

Daga ranar, ba wanda ya sake zancen suya.

Wasu kifayen sun mutu da zafin bazara, amma da yawa sun kai damina. Ɗan Baba ya dawo ya iske kududdufi ya cika. Da ya ji abin da ya faru, ya ƙi ɗaukar ƙwaryar da aka kwaso kifayen a ciki. Ya ce wadda ta riƙe su ita za ta sake su. Barira ta shiga ruwa har gwiwa, ta karkata ƙwaryar, tarwaɗun suka watse cikin ruwan.

Darasi: Kunya ado ce, amma ba ta hana mutum tsayawa kan amanar da aka ba shi. In an bar maka ajiya, tsare ta ko da muryarka na rawa. 'Yan uwa, ku tura wa wata mai kawaici, ta san ita ma tana iya cewa a'a.